Aljanar Safe da Karkataccen Aljihu

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na yi muku rowar labari, ku yi haƙuri, ba yanga ba ce. Kwana goma na yi a gida ba na zuwa aiki, kuma abin da ya faru a rana ta goma sha ɗaya ba abin alfahari ba ne. Na so in haɗiye shi, amma tunda ban saba ɓoye muku ba, ku gyara zama.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, ni ce manajar sashen ɗinki a wani kamfani da ke ɗinka kayan aiki: na 'yan makaranta, na masu gadi, na ma'aikatan asibiti. Teloli arba'in da biyu ne a ƙarƙashina. Shekarata shida a kan kujerar nan, kuma a cikin shidan ba a taɓa dawo mana da riga ko ɗaya ba. Saboda haka da aka ce za a buɗe sabon reshe ana neman wanda zai shugabance shi, ko gezau ban yi ba. Har kayan da zan saka ranar naɗi na goge na rataye.

Ranar wata Juma'a Darakta ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne mai sanyin magana, irin mutanen nan da za su yi minti biyar suna juya shayi kai kuwa kana zaune kana jira. Ya turo min wata ambulan a kan tebur.

"Mun ce kowane ma'aikaci ya rubuta abin da ya sani game da shugabansa, ba tare da ya sa suna ba. Ga naki."

Na buɗe ina murmushi, don na ɗauka yabo zan sha. Takarda ta farko ta ce: "Madam ba ta da faɗa. Amma ba ta taɓa ce min na yi daidai ba, ba ta taɓa ce min na yi kuskure ba." Ta biyu ta ce: "Shekarata huɗu a nan, har yau ban sani ba ko na iya ɗinki." Ta ukun layi ɗaya ce, da wani rubutu mai kama da tafiyar kaza: "Don Allah a roƙi Aljanar Safe ta bar mana ɗinkinmu."

Na ɗago na ce, "Ranka ya daɗe, wace ce kuma Aljanar Safe?"

Ya ci gaba da juya shayinsa. "Ƙarfe nawa kike zuwa aiki?"

Bari in gaya muku abin da ko a nan ban taɓa faɗa ba. Aiki ƙarfe bakwai da rabi ake farawa, ni kuwa shida saura nake shiga. In kunna fitila ɗaya, in bi tarin ɗinkin jiya riga-riga. Inda kalmasa ta karkace in farke in mayar, inda wuya ya tattare in sake shi, inda aljihu ya goce in daidaita. Kafin teloli su iso na ninke komai na mayar yadda na same shi, na koma ofis na zauna kamar yanzu na zo. Wallahi a raina kirki nake yi. Ban tsawata wa kowa ba, ban kunyata kowa ba, aiki kuma yana fita tsaf. Ashe tela ya san zarensa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, duk sun sani, har suna sun raɗa min.

"Aikinki ba shi da makusa," in ji Darakta. "Amma naki ne ke kaɗai. In na ɗauke ki na kai sabon reshe, wa zan bari a nan? Shekara shida ba ki raini ko mutum ɗaya da zai zauna inda kika tashi ba."

"Ai Gwaggo tana nan."

Gwaggo Mai Yanka ita ce babbar mai yanka yadinmu, ta girme ni da shekara ashirin, almakashinta a rataye a wuya kamar sarƙa.

"Yaushe rabon da ki bar ta ta ƙarasa magana?"

Na mayar da takardun cikin ambulan.

Sharaɗinsa ɗaya ne. In tafi hutun mako biyu daga Litinin. Akwai rigunan ma'aikatan jinya ɗari uku da za a kai wa wani asibiti ranar Alhamis ta mako na biyu, ƙarfe goma na safe. In aikin ya fita lafiya ba tare da ni ba, sabon reshe nawa ne. In na sa hannu, ko da zare ɗaya na cire, ko da saƙo ɗaya na tura, to in manta da maganar. Ya miƙo hannu, na ciro makullin ƙofar baya na aje masa. Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun shekarar farko na yanko wani, yana gida a cikin gwangwanin maɓallai.

Zaman gida kuwa, kada Allah Ya nuna wa maƙiyi. Biyar saura nake farkawa kamar kullum, in yi salla, in zauna a bakin gado ina kallon labule yana haske. Ɗakina tsaf yake, babu abin gyarawa: gado mai farin zani, madubi, takalma a jere bisa tsayin dunduniya, sai tsohon keken ɗinkin Baba a kusurwa an lulluɓe shi da mayafi. Ranar farko na wanke firji. Rana ta biyu na sake jera tukwanen Mama daga babba zuwa ƙarama. Rana ta uku Auta, ƙanwata, ta kulle ɗakinta ta tafi makaranta da makullin.

Wayata kuwa kamar an yi mata asiri. Da ina aiki ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba. Yanzu sai in ɗauke ta in duba ko caji ya ƙare, in ga a cike take. Mutum arba'in da biyu, babu wanda ya ce Madam ya hutu. Ƙawayena na makaranta tuni suka gaji da gayyatata, don kullum amsata ɗaya ce, aiki ya yi yawa. Na yi ta bin sunayen da ke cikin wayar daga sama har ƙasa, na rasa mutum ɗaya da zan kira haka kawai ba tare da dalili ba. Kaɗaici ya ishe ni, ba zan yi muku ƙarya ba, har magana na riƙa yi da tsuntsayen da ke sauka a kan igiyar shanya.

Mama na tsince shinkafa a tire ta ce, "Manaja." Haka take kirana in za ta tsokane ni. "Mutumin nan naki ya yi ɗif. Me kika gyara masa?"

"Ni me zan gyara masa?"

"Ni da na haife ki ma in na yi shara sai kin bi bayana da tsintsiya, balle ɗan mutane. Wata takwas yana sintiri a gidan nan. Yayarsa ta kira ni jiya, ta ce su dai suna jiran su ji daga gare mu. Na ce mata ni ma jira nake. Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce, kuma kamfani ba ya kawo wa mutum ruwa in ya kwanta ciwo."

"Mama, don Allah."

"Na yi shiru. Miƙo min wancan kwanon. A'a, bar shi a karkacensa, haka nake son sa."

Mutumin da take nufi kun san shi, wanda na sa wa Mai Birki Biyu a wayata. Malamin tuƙi ne. Motarsa ƙarama ce fara, akwai birki a gefen ɗalibi akwai a gefensa. Can muka haɗu, na je koyon mota, na yi kwana uku na gudu, don ba zan iya jure wani ya zauna yana kallona ina kashe mota a tsakiyar titi ba. Ni na bar darasi, shi bai bar ni ba. Mutum ne mai haƙurin da har haushi yake ba ni.

Abin da ya haɗa mu kuwa riga ce. Wata guda da ya wuce ya kawo min doguwar riga a leda, koriya shar, mai zagayayyen wuya. Ya ce shi ya zaɓi yadin. Na yi godiya har da rufe fuska. Da ya tafi na gwada, na ga kafaɗa ta ɗan sauka, wuyan kuma bai yi min ba. Kafin magariba na farke ta, na ɗaga kafaɗa, na mayar da wuyan mai kusurwa, na rage hannu. Da ya dawo na saka ta na fito ina juyi.

Ya daɗe yana kallo. "Ta yi miki kyau," ya ce. "Amma ba ita na kawo ba."

"Kai, ɗan gyara ne kawai."

"Wuyan nan ni na zana shi a takarda. Sau huɗu na koma wurin telan."

"To ai da ka tambaye ni."

"Da kin gaya min bai yi ba, da na koma na biyar."

Daga ranar saƙonninsa suka fara ramewa. Daga hira mai tsawo suka koma "Barka da safiya", daga nan suka koma shiru. Ni kuma girman kai ya hana ni nema. Rigar tana rataye a bayan ƙofa, kusa da kayan naɗin da na goge, kullum sai mun haɗa ido.

Ranar Laraba da la'asar, kwana na goma, ina kwance ina ƙirga layukan silin, wayata ta yi ƙara. Zauren hirar ma'aikatanmu na waya ne, sun manta ba su cire ni ba. Gwaggo ce ta turo hoto: riguna shuɗaye a jere a kan dogon tebur, teloli sun tsaya a baya suna dariya, wani har da ɗaga yatsu biyu. A ƙasa ta rubuta, "Ɗari uku cif. Saura guga da safe. Sannunku da ƙoƙari." Aka yi ta turo tafi.

Ban taɓa ganin haƙoran wasunsu ba sai a hoton nan. Wannan ya sosa min rai, amma ba shi ya tayar da ni zaune ba. Na buɗe hoton da yatsu biyu, na matso da rigar gaba. Aljihun ƙasa a karkace yake. Bakinsa bai kwanta a miƙe ba, ya gangara gefe da kusan faɗin yatsa biyu. Na duba ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na san kuskuren nan, tsohon ciwon layin Gwaggo ne. Duk lokacin da aka yi aikin asibiti sai na tsinci guda biyar ko shida masu irin wannan aljihu, in miƙar da su da safe. Yanzu ba na nan, cutar ta bazu a ɗari uku.

Na rubuta, "Gwaggo, ku duba aljihu." Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Saƙo ɗaya ya isa ya raba ni da reshe. In kuma na yi shiru aka dawo da kayan, nan ma reshen ya tafi. Sai zuciya ta ce min, ai akwai hanya ta uku, wadda kika saba. Ba duka za ki gyara ba, na saman kowane ƙunshi kawai, waɗanda za a buɗe a duba. Wa zai sani? Na jawo gwangwanin maɓallai na zazzage a kan gado.

Matsalar ɗaya ce, motar ofis da direbanta suna can tunda hutu nake. Na daɗe ina kallon sunansa kafin na rubuta.

"Salam. Kana da ɗalibi gobe da sassafe?"

Minti ashirin kafin ya amsa. "Sai takwas."

"Za ka iya kai ni wani wuri shida saura?"

"Lafiya?"

"Lafiya. Aiki ne."

"To."

Ko ɗan hoton murmushi bai sa ba.

Da asuba na saka baƙar doguwar riga da takalmi mara ƙara, na jefa reza da tef da zare shuɗi a jaka. Ina lallaɓawa ta falo na ji muryar Mama daga kan darduma.

"Manaja. Na ji ƙarar maɓallai jiya."

Na tsaya da jakata a hannu.

"Zauna minti ɗaya." Ban zauna ba, ita ma ba ta matsa ba. "Kin tuna lokacin da idon babanku ya fara rauni? Kina 'yar sha biyar, kike tashi kafin kowa ki farke ɗinkinsa ki mayar, don kada masu kaya su yi masa surutu."

"Ai bai taɓa sani ba."

"Ya sani tun ranar farko. Kullum sai ya bi ɗinkin da yatsa ya ce min, yarinyar nan ta sake bi. Ya hana ni gaya miki, wai kada gwiwarki ta yi sanyi. Amma ranar da ya lulluɓe keken nan, ba ido ne ya sa shi ba, don yana iya zura zare har lokacin. Cewa ya yi, tunda sai an bi bayana, gara in huta."

Shekara goma sha shida ina riƙe da wannan a matsayin mafi kyawun abin da na taɓa yi wa mahaifina. Da mai hankali ce ni, da na aje jakar nan. Amma kun san ni da taurin kai. Na ce, "Mama, zan makara," na fita ina jin idonta a bayana.

Yana ƙofar gida, injin a kunne, da tsohuwar rigar sanyinsa mai toka-toka. Na shiga gefen ɗalibi don nan ya buɗe min, shi yana riƙe da sitiyari. A'a, bari in faɗa daidai: ni ce a kujerar malami, birki na biyu a ƙarƙashin ƙafata. Titi babu kowa sai masu shara da motar burodi. Da muka yi nisa na kasa haƙuri na zayyane masa komai, takardun, sharaɗin, aljihun.

"To yanzu sata za mu je yi ko gyara?" ya ce.

"Ba abin dariya ba ne."

"Ban yi dariya ba. Cire ƙafarki daga birkina, tun ɗazu kike taɓa shi."

Na duba, ashe gaskiya ne. Na janye ƙafar ina jin kunya.

"Kai ba ka taka wa ɗalibanka?" na ce, don in rama.

"In za su kashe mu, ina takawa. In za su hau kan dakali ne kawai, sai in bar su su hau, sannan mu tsaya mu yi magana. Wanda na fi tausaya wa na yi ta taka masa, shi ne har yau bai karɓi lasisi ba."

"Wa'azi ka zo yi min?"

"Ke kika tambaya."

Ya tsaya a lungun da ake sauke yadi, daidai ƙaramar ƙofar baya. Na kama murfin mota, ya ce, "Kin tabbata kuskure ne?"

"Shekarata goma sha shida ina ɗinki."

"To. Ina nan zuwa bakwai da rabi."

Warin sabon yadi da man keke ya tare ni, har sai da na lumshe ido don daɗi. Kekuna arba'in da biyu a lulluɓe, shiru kamar ajin da aka tashi. Na kunna fitilata ɗaya da na saba, na wuce kai tsaye wurin dogon tebur, ban kalli hagu ba ban kalli dama ba. Na zauna a keken da ya fi kusa, na zaro reza. Hannuna ya san aikin. In tsinke zaren kusurwa, in ja, aljihu ya faɗo a cinyata. Na yanke shawarar in fara cire su duka sannan in bi in ɗora a miƙe. Ɗaya, biyu, biyar, goma. Har wani sanyi nake ji a raina, na ce yau ga ni ga abin da na iya.

A ta goma sha huɗu allina ya faɗi ya gangara. Na sunkuya na bi shi, ya tsaya a gindin mutum-mutumin da muke gwada samfur a jikinsa. Ina ɗagowa na gan shi sanye da rigar shuɗiya, da aljihunta a karkace, an saka almakashi ƙarami da biro biyu a ciki. A ƙirjinsa an maƙala takarda da allura.

Takardar asibitin ce, da hatimi da sa hannun shugabar ma'aikatan jinya, kwanan watan Juma'ar makon jiya. Ta rubuta cewa sun gwada samfur biyu na kwana uku. Mai miƙaƙƙen aljihu yana zubar da almakashi da biro duk lokacin da ma'aikaciya ta sunkuya ɗaga mara lafiya, kuma sun daɗe suna fama da haka. Mai karkataccen ba ya zubarwa, hannu kuma ya fi saurin shiga. Suna so a yi musu duka ɗari ukun a karkace, suna kuma godiya ga wadda ta kawo shawarar.

A can ƙasa, da fensir, da rubutun nan mai kama da tafiyar kaza, an ƙara layi ɗaya don Darakta: "An kawo wa Madam maganar sau uku."

Na zauna a ƙasa, a kan siminti. Sau ukun nan duk na tuna su. Na farko a bakin ofis, Gwaggo ta ce, "Madam, game da aljihun nan, 'yata da ke aikin jinya ta ce..." na ce, "Bar shi, Gwaggo, zan duba." Na biyu ina waya, na ɗaga mata hannu. Na uku ta ɗinko guda shida ta aje a saman tari don in gani in tambaya, ni kuwa na zo da asuba na miƙar da su, har ina jin tausayinta wai tsufa ya fara taɓa mata ido. Gwano ba ya jin warin jikinsa, yau na yarda. Shekara biyu baiwar Allah nan tana ƙoƙarin gaya min abu ɗaya, ni ina bin ta da reza.

Na kalli agogon bango, bakwai saura kwata. Riga goma sha huɗu babu aljihu, kaya za su fita ƙarfe goma. Na ce to in mayar da su da sauri. Na ɗauki ɗaya na ɗora, na ɗinka, na ɗaga. Bakin ya tattare. Na farke na sake, kusurwar ta yi kunne. Ashe ba karkatar da shi kawai ake yi ba, akwai wata 'yar ninkewa da take yi daga ciki wadda ke riƙe bakin, kuma na tsinke ta sau goma sha huɗu ban ko lura da yadda take ba. Ni da ba a taɓa dawo min da riga ba, na zauna da ƙyalle a hannu ban san ta inda zan fara ba. Hawaye ya ɗiga a kan yadin, na yi maza na goge don kada ya bar tabo.

Sai na ji ƙarar babbar ƙofar gaba, da muryar Gwaggo tana gaisawa da mai gadi. Ta zo da wuri saboda guga.

Ƙofar baya taku goma ce daga inda nake. Mota na jira. In na tura rigunan ƙarƙashin tari na fita, za su gane aljanarsu ce ta zo, amma babu wanda ya gan ni, kuma na san halinsu, ba za su faɗa ba. Za su gyara a guje su rufa min asiri, in sami reshena. Har na miƙe, har na ɗauki jaka. Sai keken Baba ya faɗo min a rai, da mayafin da ke kansa. Na mayar da jakar na zauna.

Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta taho da ledar abincinta, almakashi na lilo a ƙirjinta. Ta gan ni ta tsaya cak. Ta kalli rezar, ta kalli aljihunan da ke zube a cinyata, ta kalli takardar da ke hannuna. Ba ta yi salati ba, ba ta yi tsaki ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

"Guda nawa?" ta ce.

"Sha huɗu." Muryata ta fito kamar ta yarinya. "Gwaggo, na gwada mayarwa, ban iya ba. Ban san yadda kike ninke shi ba."

A shekara shida ban taɓa ce wa kowa a ginin nan ban iya ba, ita ma ta san haka.

"Darakta zai zo takwas ya ga kayan kafin a ɗaure," ta ce. "In kin fita yanzu, ban gan ki ba."

"Kin gan ni. Ni zan gaya masa da bakina."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Ta aje ledarta a kan tebur, ta jawo kujera da ƙafa. "Matsa. Ba nan ba, nan gefena, inda za ki ga hannuna. Kuma in ina magana ki bari in kai aya."

Na matsa. Ta ɗauki aljihu ɗaya, ta lanƙwasa bakinsa da babban yatsa, a hankali, don in gani. Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Mai Birki Biyu ne.

"Bakwai ta wuce. In jira ko in tafi?"

Da jiya ce, da na rubuta masa ka tafi, zan san yadda zan yi. Na kalli ƙofar da Darakta zai shigo ta cikinta, na kalli riguna goma sha uku da suka rage, na rubuta:

"Na hau dakali. Don Allah ka jira, in na fito mu tsaya mu yi magana."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Gwaggo ta ƙwanƙwasa tebur da almakashi.

"Madam, ido a nan."

Na kife wayar ban ga amsar ba, na karɓi aljihu na biyu. A waje na ji mai gadi yana jan babban ƙyaure, irin jan da ba ya yi wa kowa sai motar Darakta. Ashe bai jira takwas ba.